Kwamfutar da Ba a Kashewa

Kafin in shiga wannan babi, ya kamata in gaya muku, Hajara da Salisu, cewa ban gama amincewa da abin da nake tunawa ba. Shekaru sun shige, kuma abin da mutum ya yawaita juyawa a ransa yakan sake kama ba tare da ya sani ba. Inda na ce mako shida, mai yiwuwa bakwai ne. Amma tunda kun tashi kuna jin ana cewa a dangi wai babanku ne ya riƙe kwamfutar kakarku har ta kusa rasuwa ba ta ga ɗanta ba, gara ku ji daga wurina. Ban ce ƙarya ake yi mini ba. Abin da na ce shi ne ba a faɗin duka.

A lokacin na gama karatun kwamfuta a Lomé, na dawo Sokodé da takarda a jaka, babu aiki. Wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a Didaouré, Baba Bukari, abokin marigayi mahaifinmu, shi ya matsa mini gefe a shagonsa, ya ba ni tebur ɗaya da kujera. Shi bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma kunnensa kawai yake karawa a jikin rediyo ya faɗi ciwonta. Yakan tsokane ni da "Mushe", kamar yadda ake kiran masu boko da Faransanci. Ranar da Inna, kakarku, ta ji wannan suna, har shagon ta taka da kanta. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce:

"Malam Bukari, a gidan mahauta aka haifi yaron nan. Mun san abin da ake ce wa mushe. A sake masa wani."

Haka take da kalma. A wurinta wuta ba ta mutuwa a murhu, kwanciya take yi. Gishiri ba ya ƙarewa, albarka yake yi. Muna yara muna yi mata dariya a ɓoye, kuma da na yi karatu sai na ɗauki abin a matsayin camfin tsofaffi. Na faɗi wannan tun yanzu ne domin a kansa komai ya rataya.

Bayan rasuwar mahaifinmu, Inna ta koma Dapaong wurin yayata Rakiya, wadda ke aure a can. Babbanmu kuwa, Yaya Isaka, ɗan farin Inna, ya shekara tara ke nan a Jamus ba shi da takardun da zai zo gida ya koma. Ku da kuka tashi da waya mai hoto a hannu ba za ku gane yadda abin yake ba. Murya kawai muke ji, ita ma tana yankewa. Inna kuma, saboda kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta doguwar magana da shi. In an miƙa mata waya sai ta ce lafiya lau, ta mayar wa Rakiya. "Mutumin can" take ce masa. Tun muna gida ɗaya ban taɓa ganin ta kalle shi ido cikin ido ba.

Shi ne ya aiko da kwamfutar ɗauka-a-hannu ta hannun wani ɗan unguwarmu da ya dawo hutu, domin a riƙa ganin juna. Ni na kai ta Dapaong, na haɗa mata abin shiga intanet, na nuna wa Rakiya inda za ta danna. Don in faranta wa Inna, na ɗora hotonsa a fuskar allon, yana tsaye cikin ƙanƙara da wata ƙatuwar riga, ya yi ƙiba kaɗan. Da zan tafi na yi wa Rakiya bayani sau uku, kamar yadda na saba, na kuma rubuta mata a takarda. Na ce in sun gama magana ta kashe ta, kada ta manta, kullum a kashe ta. Inna tana gefe a kan tabarma tana tsintar wake. Ina jin dai na ga hannunta ya tsaya a cikin faifan, amma ban da tabbacin ko daga baya ne na ƙara wannan a raina.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya Isaka yake kira. Rakiya ta ce Inna takan zauna ne ta ba allon gefe, tana duban ƙofa, ta riƙa aika saƙo ta bakinta kamar ba ya ji: a tambayi mutumin can ko yana cin tuwo a can, a gaya wa mutumin can ya rage aske gemu. Shi kuma ya yi ta dariya yana amsa wa Rakiya. Haka suka yi wata bakwai ko takwas.

Cikin tsananin zafin bazara Rakiya ta kira ni, ta ce fuskar Yaya ta tsattsage. Layuka kore da ja sun sauko daga sama har ƙasa, wani lokaci allon ya cika da ƙananan murabba'ai kamar zanen tabarma, wani lokaci ya yi baƙi ƙirin alhali ana jin fanka tana juyawa. A cikin wannan kiran ne kuma, can wajen ƙarshe, ta ce ƙafafun Inna sun sake kumbura, likita ya ce zuciya ce. Ta ba wani direban motar albasa kwamfutar, ta iso mini bayan kwana biyu a naɗe cikin tsumma.

Na bi ta a hankali, mataki mataki, yadda aka koya mini. Da farko na yi fatan gilashin ne ko siririyar wayar da ke ratsa mahaɗin murfi, domin waɗannan canzawa kawai ake yi. Na jona ta da wani babban allo da ke shagon. In gilashinta ne ya lalace, hoto zai fito sarai a wancan. Sai ga layukan nan sun bayyana a can ma, iri ɗaya, sun raba fuskar Yaya Isaka gida biyar. Na danna yatsa da ɗan ƙarfi a saman madannai, wajen hagu, hoton ya washe na ɗan lokaci, na ɗaga yatsa ya sake wargajewa. Daga nan na san ƙwaƙwalwar hoto ce, wata 'yar ƙaramar aba mai faɗin farcen babban yatsa da ke zaune a kan farantin ciki, wanda duk sassan kwamfuta suke maƙale a jikinsa. Ba a ɗaure take da kusa ba. A kan ɗaruruwan ƙwayoyin dalma take zaune, kowacce ba ta kai ƙwayar gero ba. In zafi ya yi mata yawa na tsawon lokaci, ƙwayoyin nan sukan tsage, saƙon hoto ya riƙa ɓacewa a hanya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ta yi irin wannan zafi, ita da ake kunnawa sau ɗaya a mako. Da na kwance ta na kai ga fanka, sai na tarar ƙofar iskar a toshe da wani abu kamar auduga. Na zaro shi da tsinke na ɗora a tafin hannu. Shuɗi ne, da ɗan fari-fari. Na daɗe ina dubansa kafin in yarda da abin da na riga na gane. Zaren shuɗin zanen Inna ne, wanda mahaifinmu ya sayo mata a Blitta, wanda take ɗaurawa ranar Juma'a.

Na kira Rakiya na tambaye ta ko tana kashe kwamfutar kamar yadda na rubuta. Ta ce sau ɗaya ta taɓa gwadawa, ranar da na tafi. Inna ta riƙe mata hannu, ta ce abin da ɗanta yake ciki ba za a kashe shi a ɗakinta ba. Tun daga ranar kwamfutar tana kunne dare da rana a kan katifar Inna, a jone da wuta. In an ɗauke wuta har ta mutu da kanta, Inna ba ta samun sukuni sai an dawo da ita an kunna. Na ce to zanen fa? Rakiya ta ce:

"Kai ma ka san Inna. In ita kaɗai ce a ɗaki, zama take yi ta yi ta kallonsa. Da ta ji takun mutum sai ta ja zane ta lulluɓe, kada a kama ta tana kallon ɗan fari. Gidanmu kuwa ba ya rabuwa da mutane."

Na ajiye wayar na zauna. A ƙasa katifa ta toshe mata numfashi, a sama zane, ga zafin Dapaong. Kuma kalmar da ta jawo wannan duka, ni na rubuta ta da hannuna, na ja mata layi.

Baba Bukari ya leƙo ya dubi farantin, ya ce abu mai sauƙi, a gasa ta. Haka masu gyara suke cewa. Ana hura wa ƙwaƙwalwar iska mai zafi har dalmar da ke ƙarƙashinta ta narke ta sake kamawa. Na san hanyar, na karanta a kanta sosai, kuma abin da na karanta ne ya tsorata ni. Gashin ba ya warkar da ciwon daga tushe. Wata kwamfutar takan yi shekara, wata mako biyu ta koma gidan jiya. In kuma zafin ya wuce kima, ko hannu ya girgiza, farantin ya lanƙwashe ko ƙwayoyin su haɗe da juna, shi ke nan ba ta sake tashi. Na ce masa ba zan yi caca da kayan Inna ba, sabon faranti zan sa a nemo. Ya ce tunda an hana shi kirana Mushe, daga yau sunana Malam Sai-an-duba. Na yi dariya, na aika wa wani mai kayan kwamfuta a Lomé lambar farantin, ya ce mako ɗaya.

Mako ɗaya ya zama biyu. Wanda ya fara zuwa ba irinsa ba ne, na mayar. Aka ce wani yana cikin jirgin ruwa. Kowace Juma'a Rakiya takan kira da safe, in ce mata mako mai zuwa in Allah ya so. An sha tambayata me ya hana in kai musu wata kwamfutar su riƙa amfani da ita. Tawa ta tebur ce, tsohuwa, ba ta da idon ɗaukar hoto. Akwai na mutane guda uku ko huɗu a shagon waɗanda na gama gyarawa, ɗaya ma mai ita ya yi tafiya, ba zai dawo da wuri ba. Na ɗauke ta na ajiye ban san sau nawa ba. Na ce amana ce, ba a ba ni don in kai Dapaong ba. Har yau ina ganin wannan daidai ne, amma ina ganin kuma da na kira shi na roƙa, da wuya ya hana. Ban kira ba, kunya ta hana ni. Rakiya ta yi ƙoƙarin kai Inna shagon intanet na kasuwa, Inna ta ce ba za ta zauna a tsakiyar samari tana leƙen ɗanta ba, ga shi ƙafa ma ba ta ɗaukarta.

A mako na shida, in ban yi kuskure ba ranar Talata ce da hantsi, wayata ta yi ƙara da lambar Rakiya, amma muryar Inna na ji. Tana magana tana hutawa. Ta tambayi Baba Bukari, ta tambayi aiki, sannan ta ce an gaya mata wai gasa abin ake yi. Na fara yi mata bayani, na ce gashin ba ya daɗewa, mai yiwuwa wata ɗaya, mai yiwuwa ƙasa da haka, shi ya sa nake son a yi gyara mai ɗorewa. Ta bar ni na gama duka. Sai ta ce:

"Nuhu, ubanka shekara arba'in yana gashin nama, bai taɓa tambayar wuta alkawari ba. Ni ba shekara nake nema ba. Juma'a ɗaya ta ishe ni."

Ban san me na amsa mata ba. Na dai san a ranar na fahimci ina ta lissafin rayuwar kwamfuta, ban lissafa ta mai ita ba.

Washegari da safe, kafin rana ta yi zafi, muka yi aikin. Na cire farantin gaba ɗaya, na goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar, na lulluɓe duk kewayenta da takardar alminiyam, na bar mata taga daidai girmanta, don kada ƙananan abubuwan da ke kusa su narke. Na ɗiga man liƙi a gefunanta. Ba mu da abin auna zafi, sai Baba Bukari ya yanko ɗan guntun dalma ya ɗora a kanta, ya ce in na ga ya yi sheƙi ya kwanta, na ƙasan ma sun narke. Na ɗauki bindigar hura iska mai zafi, na fara daga nesa ina zagayawa, ina matsowa kaɗan kaɗan. Baba Bukari ya matso kusa da ni. Bai karɓa ba, ya dai sa tafinsa a ƙarƙashin gwiwar hannuna, ya ce in daina ƙirga a baki, in kalli dalmar. Da ta yi sheƙi na ƙara 'yan daƙiƙu na janye a hankali. Ya hana kowa taɓa teburin, har mai kawo mana koko ya tsayar a bakin ƙofa, ya ce yau akwai mai jego a ciki. Bayan ta huce na sa sabon mai, na ƙara wani ɗan siririn jan ƙarfe da ya yanka mini don ya riƙa janye zafi, na wanke fanka, na mayar da komai. Na yi bisimilla na danna. Yaya Isaka ya fito cikin ƙanƙararsa, babu layi ko ɗaya.

Ranar Alhamis na hau mota. Na ƙi yarda a sa ta a bayan kaya. A kan cinyata na riƙe ta bisa matashin kai tun daga Sokodé, duk ramin da muka faɗa tsakanin Kara da Mango sai in ɗaga ta sama da hannu biyu. Wata mata da ke gefena ta tambaya ko ƙwai ne.

Na tarar Inna ta rame fiye da yadda aka gaya mini. Ranar Juma'a ta sa aka ɗaura mata shuɗin zanen nan, aka jingina ta da bango. Na ɗora kwamfutar a kan kujerar tsugunno, na sa mata duwatsu biyu a ƙarƙashi don iska ta ratsa. Ɗakin ya cika: Rakiya, mijinta, maƙwabta biyu, duk an zo ganin Isaka. Da ya fito yana sallama, Inna ta kau da kai wajen ƙofa kamar kullum, ta ce a gaya wa mutumin can ta ji sauƙi. Ina duban allon ina jiran layi ya ɓullo, sai idona ya sauka a kan hannunta. Ta kama gefen zanen tana murzawa. A nan ne na yi abu ɗaya da ban yi shawara da kowa a kansa ba, kuma ina jin shi kaɗai ne a duk wannan labari. Na miƙe na ce kowa ya fito, na'urar tana bukatar iska, numfashin mutane yana ƙara mata zafi. Ba gaskiya ba ce, amma ni ne mai takarda, suka fita. Na fita na ƙarshe na saki labule.

Sun yi kusan awa ɗaya. Ina tsaye a inuwar bango, ba don in saurara ba, don in aka kira ni ne. Yawanci muryarsa nake ji. Sau ɗaya dai, can tsakiya, na ji kamar Inna ta ce "Isaka." A hankali, kamar mai ɗanɗana abu.

Da ta kira ni na shiga, ya riga ya sauka, hoton ne kawai. Na durƙusa na kai hannu, ta bi hannun da ido.

"Kashe ta za ka yi?"

"A'a, Inna. Kwantar da ita zan yi. Ta gaji, in ta yi barci za ta tashi."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Ba na jin na ruɗe ta, Inna ba ta ruɗuwa. Kalmar kawai take so a gyara. Ta ce to, a bar shi ya huta, ya sha hanya. Na gyara takardar Rakiya, na soke kalmar farko na rubuta sabuwa. Na nuna wa Inna maɓallin da za ta taɓa ta tashe ta da kanta, na ce in ta ji takun mutum ba sai ta nemi zane ba, murfin kawai za ta sauke.

Juma'a biyu ta samu. Ana gobe ta uku ta rasu.

Sabon farantin ya iso Sokodé bayan an yi sadakar arba'in. Yana nan a ledarsa cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadona, ban taɓa buɗe shi ba. Gashin da na ji tsoro kuwa ya riƙe shekara huɗu, Rakiya ta yi ta amfani da kwamfutar har 'ya'yanta suka karya murfin. Na san ba haka kowace take yi ba, na gasa wasu bayan nan da ba su kai wata ba, kuma ina faɗa wa masu su gaskiya kafin in fara. Amma wannan ta riƙe. Da na yi a ranar da Baba Bukari ya ce, da Inna ta samu Juma'a takwas maimakon biyu. Wannan lissafin ba ya bukatar kowa ya tuna mini shi. Har yanzu in azahar ɗin Juma'a ta wuce, nakan ji kamar akwai wanda ya kamata in kira a Dapaong. Kun kuma sha tambayata me ya sa a shago nake ce wa mutane su kwantar da na'ura, har abokan aiki suna yi mini dariya. To, ga dalilin.

Baba Bukari ya riga mu gidan gaskiya, ba zai gyara mini ba. Yaya Rakiya, in kin karanta kika ga na ƙara ko na rage, musamman a yawan makonnin nan, ki aiko a gyara, ko da gyaran ya ƙara mini laifi ne. Kin ce ke ma kina kusa da labulen ranar, ba ki ji Inna ta kama suna ba, kuma mai yiwuwa ke ce da gaskiya. Mutum ɗaya ne ya sani. Yaya Isaka, ka zo gida sau biyu tun bayan da takardunka suka fito, mun zauna, mun ci abinci a kwano ɗaya, ban iya tambayarka ba. In ta faɗa, ka rubuto mini kalma ɗaya. In ba ta faɗa ba, ka rubuto duk da haka, zan cire layin daga littafin kafin yaran nan su haddace shi.